Saniyar Jannatu a Wayar Bakoji

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a tashar motar Birnin Gwari ya san Bakoji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon Bafulatanin nan mai rumfar kwano kusa da masu rake, wanda ba ya ba mutum lamba. Sauran masu caji sai sun manna wa wayarka takarda sun miƙo maka ɗan kati, duk da haka a yi rigima da yamma. Bakoji kuwa kallo ɗaya zai yi wa wayar, ya yi wa mai ita, shi ke nan. Ka dawo bayan awa biyar, wayoyi sittin a kan katako duk baƙaƙe, zai sa hannu ya zaro taka bai ko daina maganar da yake yi ba. In ka yi mamaki sai ya ce wanda ya iya fitar da farar saniya ɗaya a cikin farare ɗari, ba waya ce za ta ruɗe shi ba.

A rugar mahaifinsa Salmanu aka haife shi, can bayan Gayam, inda gonaki ke ƙarewa daji ya soma. Yaran yanzu in ka ce musu an yi lokacin da mutum zai kora shanu ya nausa wajen dajin Kamuku shi kaɗai, daga shi sai sanda da gorar ruwa, ya wuni ya dawo lafiya, kallon maƙaryaci za su yi maka. To an yi. Abin tsoro a dajin nan bai wuce ƙudan tsando ba, sai ma'aikatan gandun daji in ka kuskura ka tsallake iyaka, su ma sau da yawa faɗan baki ne, a rabu da ƙwaryar kindirmo. Da kaka manoman Gayam da ƙafarsu suke zuwa roƙon Salmanu ya sauke garkensa a gonakinsu saboda taki, har da damin dawa na godiya. Bakoji yakan ce abin da ya fi kewa shi ne ƙamshin hayaƙin da ake yi wa garke da yamma don korar ƙuda, da yadda shanu ke zuwa da kansu su kewaye wutar suna lumshe ido.

Ya auri Halima yana ɗan ashirin da 'yan kai, Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Jannatu. Ranar suna, bayan an yanka rago, Bakoji ya ja dattawa zuwa garke ya nuna musu wata jar karsana mai farin goshi. Sunanta Saige, uwarta Saige, kakarta ma Saige, don a wurinsu sunan saniya ta wajen uwa yake bi. Ya ce su shaida, ta jaririyar ce. Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi: duk abin da Saige ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, na yarinyar ne. Uban kiwo kawai yake yi mata, ranar da za ta tafi ɗakin miji a ware mata abinta. Ba a sayarwa, ba a yankawa, ko da gidan zai kwana da yunwa.

Sai kuma ga kunyar ɗan fari. Bafulatani irin Bakoji ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya ma nuna ya san tana wurin. Son da yake yi mata kuwa kamar ya fasa masa ƙirji, ga shi ba hanyar da zai fito. Saniyar ce ta ba shi hanya. Mai Saige yake ce mata. Mai Saige, saniyarki ta haihu. Mai Saige, zo ki riƙe min maraƙinki in cire masa kaska. Duk hirar da uba zai yi da 'yarsa, su a gindin saniyar nan suka yi ta, kowa idonsa a kan dabba.

Jannatu tana da shekara goma aka kwashe garken. Da rana tsaka ne, a mashaya, mutane a kan babura da bindigogi. Ba labarin da za a ja ba ne, kowa a ƙasar nan yana da irin nasa. Suka kwantar da shi ruf da ciki, yana jin kukan shanunsa na nisa, yana gane muryar kowacce. Saige ta tafi da 'ya'ya da jikoki bakwai. Salmanu bai ƙara shekara a duniya ba. Bakoji ya tattara iyalinsa ya shigo gari, ya sayar da 'yan tumakin da suka tsira ya sayi farantin sola da batir. Farkon zuwansa har kallon gefen ido ake yi masa a tasha, wai Bafulatanin daji. Mutumin da aka yi wa ƙarƙaf, shi ne kuma abin zargi. Ya haɗiye.

Abin da ya kasa haɗiyewa a gida yake. Ba Saige, to da me zai kira yarinyar? In ya ce Mai Saige, ya tuna mata abin da ya kasa tsare mata. Jannatu kuwa bakinsa ba zai iya ba. Sai ya koma ke. Ke, kawo ruwa. Ke, rufe ƙofa. Shekara biyu cur uba da 'ya suna gida ɗaya maganarsu ba ta wuce wannan ba, kuma abin yana cin sa fiye da talaucin.

Obed ne ya jawo abin da ya biyo baya, ko da yake da kyakkyawar niyya. Obed mai gyaran waya ne, Bagwari, sa'an Bakoji, rumfarsa jingine da tasa, kuma bakinsa ba ya hutawa ko da sukudireba a haƙori. Ardo yake ce wa Bakoji don tsokana, shi kuma ya ce masa Injiniya. Da ya gaji da ganin maƙwabcinsa yana wuni zugum yana kallon motoci, wata rana ya fizge wayarsa ya sa masa wani gem, wato wasan waya, na kiwo, ya ce kyauta ne, ko sisi ba a biya.

Bakoji ya duba ya taɓe baki. Shanun ciki na Turawa ne, dabbare-dabbare baƙi da fari, ba tozo ba ƙaho, kai ka ce aski aka yi musu. Ya ce waɗannan ko sadaka aka ba shi sai ya yi shawara. Amma dai ya kai su ruwa, ya zuba musu ciyawa, ya tatsa. Kafin mako ya zagayo har ya san mai rigima a cikinsu, duk da Obed ya rantse masa zane ɗaya ne aka maimaita.

A mako na biyu ya kira Obed ya nuna masa gefen gilashin. Akwai wasu shanu a can dishi-dishi kamar inuwa, masu tozo da dogayen ƙahoni, an ɗora wa kowacce hoton kwaɗo.

"Injiniya, waɗannan fa?"

"Irin naku ne, Ardo. A kulle suke."

"A ina? Ƙasar Turawa?"

"Ina fa. Suna nan cikin wayarka. Tun ranar da na sa maka gem ɗin suka shigo tare, har wuri suka cinye maka. Kuɗin mabuɗi kawai za ka biya."

Bakoji ya juya wayar ya dubi bayanta. "Abu a cikin ɗakina, mabuɗin a hannun wani?"

Obed ya ce haka duniyar ta koma. Ya ba shi labarin gidan gem ɗin Nababa da ke bakin kasuwa suna yara, inda ake sayo kaset ɗaya daga Kaduna, wasa yana ciki daga farko har ƙarshe, ba abin da aka ɓoye sai wanda iyawarka ba ta kai ba. In ya ƙi tashi a hure shi, a goge a riga, a mayar. Ka gaji da shi ka yi musaya, ko ka ba ƙaninka, ba mai tambayarka. Yanzu kuwa a miƙo maka rabin abu a ce kyauta, sai ka saba a nuna maka ɗaya rabin ta bayan gilashi. Obed duk ya san wannan, da bakinsa ya faɗa, amma shi ɗin ne dai ya karɓi kuɗin Bakoji ya biya masa da katin bankinsa.

Kwaɗon ya faɗi, shanu biyar suka fito. Huɗu farare. Ta biyar ja ce, karsana, da fari a goshi. Bakoji ya kafa mata ido. Wani direba ya zo karɓar wayarsa, sai da ya yi sallama uku kafin ya ji. Ranar tun la'asar ya bar wa Obed rumfa ya nufi gida, ya tarar da Halima tana tuƙa tuwo, yarinyar tana wanke-wanke a bakin rariya. Ya zauna a tabarma ya gyara murya.

"Mai Saige, zo ki gani."

Muciya ta tsaya a hannun Halima. Jannatu ta taso da kumfa a hannu, ta durƙusa a gefen tabarma ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ƙahon hagu bai karkace kamar na waccan ba. Ya ce ai ƙarama ce tukuna. Shi ajami ya iya, gem ɗin kuma boko yake so, don haka ita ta goge hannu ta rubuta wa karsanar suna Saige. Washegari ya sa Obed ya ajiye aikinsa, ya ce masa ya shaida, jar karsanar nan ta yarinyar ce, ita da duk abin da za ta haifa. Obed ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar mutumin, ya mayar da dariyarsa. Ya ce ya shaida.

Daga nan masu gem suka samu inda za su riƙe shi, kuma wallahi sun riƙe. Ba a san su ba, ba a san garinsu ba, amma mutanen nan sun san zuciyar ɗan Adam. Garke ya kai ashirin, sai aka ce wuri ya cika: ko ka sayar wa mahauci tsofaffin a ba ka 'yan sulallan wasa, ko ka biya a faɗaɗa maka. Duk masu buga gem ɗin sayarwa suke yi, dannawa ɗaya, ai zane ne. Amma a jerin tsofaffin da aka nuna wa Bakoji akwai Saige, kuma mutum ba ya sayar da abin da ya riga ya bayar. Ya biya.

Bayan shekara aka ce a sabunta gem. Aka sabunta, sai ga rani ya shigo, abin da da babu shi. Ciyawa ta bushe, shanu suka fara nuna haƙarƙari, can gefe kuma ga fadama koriya shar an kewaye ta da shinge, da kwaɗonta. Wannan kuma duk wata ake biya. Ka ji rashin kunya: su suka ƙirƙiro ranin, su ke sayar da fadamar, kuma ranin nasu ba ya ƙarewa ko ana tsuga ruwan Agusta a Birnin Gwari. Wuri ɗaya ne suka yi ta kaɗa shi bai faɗa ba, wato akwatin sa'a, wanda za ka biya ka buɗe, ko ka samu bijimi ko ka samu bokiti. Ya ce wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Obed da ya gwada a tasa wayar, bokiti uku ya tara.

Shekarar da aka rufe layukan waya a yankin saboda tsaro, shanu suna cikin wayarsa, ya biya kuɗinsu, amma gem ya ƙi buɗewa sai ya ji sabis. Da ya ji ana cewa akwai wani tudu a bayan gari da sabis ke ɗan leƙowa, ya ja Obed suka hau babur suka bi masu zuwa. Mutane a tsaye kan duwatsu, kowa ya ɗaga waya yana ƙwala wa ɗan'uwansa na Kaduna ko Legas cewa suna raye, Bakoji kuwa yana tsugune a gindin ƙirya yana shayar da shanu. Ya tarar da shida a kwance saboda kwanakin da suka yi ba kulawa, biyu 'ya'yan Saige ne, ga kwalbar magani an nuna masa da farashinta a jiki. Da ya dawo ya ba Halima labari, ba ta ɗago daga shinkafar da take tsincewa ba, ta ce, "Ɓarayin daji dai sau ɗaya suka zo mana." Shi ma bai ga ƙarya a ciki ba.

Mai son lissafi zai ce da ya tara abin da ya zuba wa mutanen nan da ya sayi tumaki na gaske. Kada ya wahalar da kansa, Halima ta riga shi faɗa, ba sau ɗaya ba. Sai dai ita ma ba ta taɓa ɓoye wayar ba, don tana ganin abin da ake saye da kuɗin. Kullum in ya dawo kafin magariba, Jannatu za ta zo ta zauna a bakin tabarma, waya a tsakaninsu. Duk maraƙin da aka haifa shi ke faɗar suna ita ke rubutawa: Nyale, Wule, Fure, sunayen shanun Salmanu ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da labarinsa. Wule ce ta taɓa bin wani ma'aikacin gandun daji har ya haye kanya ya bar takalmi ɗaya a ƙasa. Nyale ba ta yarda a tatse ta sai Halima ta yi mata waƙa. A haka yarinyar ta san rugar da ta bari tana ƙarama. A haka shi ma ya ji ta ci jarrabawa, ya ji tana son koyon ɗinki. Ba ta taɓa gaya masa kai tsaye ba. Saige take gaya wa, shi yana gefe yana ji.

A wurin Saige ɗin ma ya fara jin sunan Abdulfattah, wani malamin firamare a Tsohon Birnin Gwari da ke kawo mata ɗinkin ƙannensa fiye da yadda ƙannen ke buƙata. Tana da shekara ashirin aka sa rana. Dangi suka taimaka aka yi gado da katifa da kwanuka daidai talaka. Amma abin da ke wuyan Bakoji shi ne abin da ya faɗa a gaban dattawa ranar suna, ya kuma maimaita a gaban Obed. Ya je kasuwar kara ya tambayi kuɗin karsana, ya dawo bai gaya wa kowa abin da aka ce masa ba. Ya sani sarai saniyar waya ba ta ba da nono, ai ba mahaukaci ba ne. Amma ita ke gare shi, shekara takwas yana kiwonta, kuma ya ƙudura 'yarsa ba za ta bar gidansa ba a ware mata abinta ba.

Saura mako biyu biki, ya karɓo wayar Jannatu ya haɗa da tasa ya ajiye a gaban Obed.

"Injiniya, raba min garke. Saige da zuri'arta, goma sha huɗu ne. Ka mayar da su nan."

Obed ya shiga dube-dube. Ya ce akwai hanyar aika wa wani kyauta, amma ita ma a kulle take. Bakoji ya sa hannu a aljihu tun kafin Obed ya rufe baki. Aka biya, ƙofa ta buɗe, Obed ya danna Saige, wayar ta yi ɗan ƙara ta ƙi. Ya danna 'yarta, ta ƙi. Ya bi su ɗaya ɗaya har goma sha huɗu. Sai shanun Turawan nan na kyauta, su kam ko yanzu a tura su.

"Me ta ce?"

Obed ya jawo tabarau ya buɗe wani dogon rubutu mai ƙananan haruffa, irin wanda kowa ke wucewa bai karanta ba, shi ma haka ya wuce masa shi shekara takwas baya. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya ɗago, bakin nan da ba ya hutawa sai da ya nemi magana.

"Ardo, sun ce duk saniyar da aka saya da kuɗi, da abin da ta haifa, ba a kyautar da ita, ba a sayar wa wani, ba a gadonta."

"Na saya fa. Kai ka biya da hannunka."

"Sun ce ba saniyar ka saya ba, izinin kiwonta ka saya. Shanun duka nasu ne."

Bakoji ya dubi wayoyin biyu. "To ni makiyayin haya ne ke nan."

"Kusan haka."

"A'a, Injiniya, ban kai shi ba. Makiyayin haya in ya yi wata shida ana ba shi ɗan maraƙi, nasa na kansa, ya kai inda ya so. Ni shekara takwas ina yi musu kiwo, ni ke biyansu."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, ga kunya a kai, don ɓarayin daji ƙwace suka yi, waɗannan kuwa shi ya riƙa kai musu da hannunsa. Abin da ya fi ƙona shi, ya ba 'yarsa abin da ba nasa ba, har da kafa shaida. Ya tambayi Obed ko akwai wanda za a je a gani, ko ofis, ko wani dattijo a cikinsu. Obed ya rubuta musu saƙo da Turancinsa na ranar biki, ya yi bayanin aure da al'ada. Amsa ta dawo kafin ya ajiye wayar, ana gode masa, ana kuma sanar da shi an yi ragi a kan sabon bijimi.

Kwana uku bai buɗe gem ɗin ba. A na huɗu ya tambayi Obed abu ɗaya: in mutum ya ba da wayar ɗungurungum fa? Obed ya ce wannan kam ba yadda za su yi, ba sa ganin hannun da ke riƙe da ita. Shi ke nan Bakoji ya yanke. Tunda sun hana a ware goma sha huɗu, za ta tafi da garken duka, nata da nasa. In ta ga dama ta ci gaba, in ta ga dama ta goge. Shi dai ya fita, kwabonsa ba zai ƙara shiga hannun mutanen nan ba, ya faɗa wa Obed haka har sau biyu. Ya yi mamakin wani sauƙi-sauƙi da ya ji a ƙirjinsa, ko da yake in ya tuna zai riƙa dawowa gida ba yarinyar ba shanun, sai ya ji jikinsa ya yi sanyi.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure. Bayan la'asar motoci biyu na jira a ƙofar gida don a kama hanya da sauran rana, aka shigo da amarya ɗakin ubanta ta yi sallama. Ta durƙusa lulluɓe da mayafi, Halima na tsaye a bakin ƙofa. Bakoji ya yi nasihar da ake yi, gajeriya, yana kallon bango. Sannan ya zaro wayar, ya goge gilashin da hannun riga, ya ajiye a tabarma a gabanta.

"Mai Saige, ga shanunki. An hana ni warewa, ki tafi da su duka."

Jannatu ta ɗauka da hannu biyu. Ta san abin da ke cikin wayar, ta kuma san abin da zai rage a ɗakin in ta fita da ita. Kuka ya ci ƙarfinta na ɗan lokaci. Da ta samu murya, uwar ta juya wa, yadda 'yar fari ke yi in magana ta yi nauyi.

"Inna, ki gaya wa Baba na karɓa, Allah ya saka da alheri. Ki kuma tambaye shi, a ruga ba akan bar wa uba saniya a garkensa ba, har mace ta ga zamanta ya daidaita? Ni ban san makiyayan can ba. Na bar su amana a hannunsa. In na zo ganin gida zan duba su, a ba ni labarin wadda ta haihu."

Ta mayar da wayar kan tabarma, ta tura ta gabansa da yatsu biyu.

Ana yi, ba ƙarya ta faɗa ba, kuma amana irin wannan uba ba ya mayar da ita. Bakoji ya gane abin da ta yi masa: ta sauke masa alkawari, ta bar masa abokan zama, ta kuma ajiye dalilin da zai sa su zauna a tabarma ɗaya duk ranar da ta zo. Ba ta san ya riga ya yi sallama da masu kwaɗo ba, ga shi da tausayinta ta mayar da shi hannunsu. Halima ta sani. Ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗaki, ta ce wa amarya ta tashi, direba na ta danna hon.

Wata ya ƙare ranar wata Talata. Bakoji ya buɗe gem da safe a rumfa ya ga an kulle fadama, kwaɗo na lilo, an kuma ƙara kuɗi a kan na watan jiya. Ya kife wayar a katako cikin na mutane. Ya karɓi caji, ya ba da caji, ya yi azahar, ya dawo. Da ya sake dubawa shanu sun taru a bakin shinge, haƙarƙarin Saige ya fara fitowa. Zane ne, ya sani, wani ne ya zauna a wata ƙasa ya zana haƙarƙarin nan don irinsa. Ya tashi ya zagaya rumfar Obed, ya ajiye kuɗi a nannaɗe a kan teburinsa.

"Ardo, kai ka ce ka gama da su."

"Na gama da su. Da nawa ne kaɗai, wallahi sai dai su mutu ina kallo." Ya gyara hularsa. "Akwai na mutane a ciki."

Obed ya dube shi, bai yi tsokana ba, ya jawo katinsa. Kwaɗon ya faɗi. Bakoji ya koma rumfarsa ya zauna, ya tare bakin shinge da ɗan yatsa, ya fara shigar da goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya. Nasa suka jira a baya har na Jannatu suka gama shiga.